Mun ɗauko masu kalangu a bikin ƙanwata maimakon DJ, ga yadda ta kaya

Tun ranar da aka watse daga bikin autarmu mutane ke ta kirana a waya, wasu a WhatsApp, wai su waye makaɗan nan, nawa suka karɓa, kuma ina ganin su ɗauko su ko a'a. Na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta ya yanke wa kansa. Sunansu dai ba zan saka ba, saboda akwai wuraren da zan yi ƙorafi kuma ba na so in ɓata wa bayin Allah sana'a a bainar jama'a.

Ni aka ɗora wa maganar kiɗa tunda ni ne babba a maza. Niyyata DJ kawai, kamar yadda kowa ke yi yanzu a Zariya, a kawo sipika a saka waƙoƙi 'yan mata su taka a tashi. Ina faɗa wa Baba sai ya ajiye kofin shayin da ke hannunsa ya ce "Kai yanzu gidan mahauta za a aurar da 'ya ba kalangu? In na bar duniya ku yi yadda kuka ga dama, amma ina raye sai an kaɗa." Ga wanda bai sani ba, kakanmu fawa ya yi har ya rasu, Baba ma ya taɓa kafin ya koma aikin gwamnati, kuma kalangu a ƙasar Hausa asalinsa kiɗan mahauta ne, kamar yadda kotso da taushi suke na fada. To ka ga babu ja. Na ce to Baba, an gama.

Kawu ne ya haɗa ni da su. Mutum takwas ne: shugabansu mai waƙa, masu kalangu biyu, yaro ɗaya mai kuntuku (wata 'yar ƙaramar ganga), mai fiyano, 'yan amshi biyu, sai sanƙira, wato maroƙin da ke kiran sunayen mutane yana musu kirari. Kuɗin da suka yanka mana ya kusa ninka na DJ sau biyu, banda liƙi, kuma sai da na ba da rabi kafin alƙalami. Gaskiya a lokacin raina ya ɗan sosu, dan ga kuɗin hol ga abinci ga kayan ɗaki duk sun taru a kanmu.

Abin da ya fara burge ni kwana uku kafin biki ne. Da la'asar sai ga dattijon cikinsu, babban mai kalangun, tare da sanƙira sun zo gaida Baba, ba wanda ya kira su. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure suka zauna sun fi awa ɗaya suna tambaya, waye mahaifin wane, wace ce babbar gwaggo, a wace kasuwa kakanmu ya yi fawa, dangin ango 'yan ina ne, wa za a fara kira wa zai biyo baya dan kar a saka ƙarami gaban babba. Sanƙiran yana ɗauka a wayarsa. Dattijon ko bai rubuta komai ba, kai kawai yake gyaɗawa yana cewa "ranka ya daɗe, sai wa kuma?" Ni a lokacin na ɗauka duk salon neman kuɗi ne. Daga baya na gane amfaninsa.

Ranar wuni sun makara, wannan sai na faɗa. Ƙarfe huɗu muka yi da su, ba su iso ba sai biyar da rabi ta wuce. Eh an yi ruwa da azahar, watan Agusta ne, amma ko waya ɗaya ba su yi ba, ni ne na dinga kira ana ce min ga mu nan a hanya, ga mu nan a kwana, mata sun cika hol suna ta kallona. Da suka iso kuma ba su fara nan take ba, sai na ga sun zagaya bayan hol wajen masu girki suna kara fuskar gangunan kusa da gawayi. Na je a fusace na ce Malam dan Allah lokaci fa ya tafi. Dattijon ya ce "Yi haƙuri ɗana, fata ce, ta sha sanyin damina ta saki, in na kaɗa ta haka ba za ta yi magana ba, gunaguni kawai za ka ji." Ya ɗan ƙwanƙwasa da yatsa ya kara a kunne, ya mayar, ya sake ƙwanƙwasawa, sai da ta yi masa sannan ya miƙe. Wajen minti goma sha biyar kenan. Uzurin gasa fata na karɓa, na makara ne har yau ban karɓa ba.

To yanzu ga dalilin da ya sa nake wannan dogon rubutu. Ni na sha jin kalangu a rediyo da kaset ɗin Baba tun ina yaro, amma ban taɓa tsayawa kusa da mai kaɗa shi na zuba masa ido ba sai ranar, saboda ina tsaye gefen su ne ina kula da masu shiga fili. Wallahi mutumin nan ayyuka sun kai biyar yake yi a lokaci ɗaya kuma ko wanne da hanyarsa daban.

Kalangun na rataye a kafaɗarsa ta hagu, ya matse shi a hammata. Kun san yadda yake, baki biyu, tsakiya a tsuke, ga tsirkiya ta fata jere daga wannan baki zuwa wancan. In ya matse tsirkiyar da damtse fatar sai ta ɗaure murya ta hau sama, in ya saki ta sauko. To wannan hannun na hagu kaɗai aiki biyu yake, damtse na matsewa yana saki, yatsu kuma suna nan a bakin gangar suna taɓa fatar suna kashe sautin da bai so ya yi tsawo. Hannun dama na riƙe da makaɗi, sandar nan mai lanƙwasa, kuma ba ganga ɗaya yake duka ba, akwai wani ɗan ƙaramin kalangu ɗaure a cinyarsa da suke ce wa ɗan karɓi, shi an ɗaure tsirkiyarsa tam muryarsa ɗaya ce ba ta canzawa, to makaɗin nan sai ya sauka kan babba sau biyu sau uku ya zame ya taɓa ƙaramin ya dawo, da saurin da ido ba ya iya bi, in ka rufe ido sai ka rantse mutum biyu ne. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne matsewar da dukan ba tare suke tafiya ba. Wani lokaci sai ya doka tukuna sannan ya matse, sai ka ji sautin ya lanƙwasa sama kamar mai tambaya, wani lokaci ya matse tun kafin ya doka sannan ya saki a hankali sautin ya gangaro. Kenan damtse na da nasa lissafin, makaɗi na da nasa, kuma dole su haɗu a daidai inda ake so.

Kuma fa ba wai ado ne kawai ba, magana yake yi. Hausa harshe ne mai karin sauti, mu da muka tashi a ciki ba ma lura. Ka ce wuya ta jiki, ka ce wuya ta wahala, harufa ɗaya ne amma ɗaya daga sama take faɗowa ɗaya daga ƙasa take hawa. Haka kuka na hawaye da kuka ta miya. Wannan hawa da saukar shi mai kalangu ke kwaikwaya da hammatarsa, tare da tsawon gaɓa da gajartarta, shi ya sa wanda ya san take yana ji zai ce ai wane ake kira. Kenan a daidai lokacin da yake riƙe da kiɗan da mata ke takawa, a cikin kiɗan yana cusa jimla.

Duk wannan bai ishe shi ba, bakinsa na amshi. Shugaba na kai ƙarshen ɗango sai ka ji muryar dattijon cikin 'yan amshi, kuma amshin na tafiya a hankali a miƙe alhali hannunsa na gudu. Idonsa kuwa ba ya kan ganga ko sau ɗaya, na lura da wannan sosai. Rabi yana kan kafaɗar shugaba, dan babu mai ƙirga musu ɗaya biyu uku, shugaban kafaɗa kawai zai ɗan ɗaga ko ya juya ƙafa sai ka ji duk sun sauya tare kamar an ja su da igiya ɗaya. Rabi kuma yana kan ƙafafun masu rawa. Akwai lokacin da ƙawayen amarya suka shigo da zafinsu, kiɗan ya bi su ya ƙara wuta, da iyaye mata suka shigo ba wanda ya ce komai sai na ji ya lafa ya yi nauyi daidai takunsu. Mai kalangu na biyu shi ke riƙe gindin kiɗan, yaron kuntuku na cike ramukan da ke tsakani, dattijon na yawo a sama yana magana, kuma ba wanda ya taka wani.

Shugaban ma nasa abin kallo ne. Yana cikin waƙe wata Hajiya, sanƙira ya matso yana raɗa masa sunan ta gaba da na mijinta da garinsu a kunne, shi kuma bakinsa bai tsaya ba, yana rera wannan yana haddace waccan, da ya ƙare sai ya ɗauko sabon sunan ya zaunar da shi cikin karin waƙar daidai ba tare da ya karye ba. Ku gwada magana wani na muku wata maganar a kunne ku ji yadda take. Irin wannan baiwar ce aka san marigayi Mamman Shata da ita, shirya waƙa nan take a gaban jama'a da kalangu a bayansa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta nan Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ba ina haɗa wannan bawan Allah da Shata ba ne, ko kusa, muryarsa ma tana ɗan shaƙewa in ya ja sama. Amma hanyar ita ce dai, kuma ganinta ido da ido daban yake da jin ta a kaset. Kawu da ke gefena ma sai da ya tuno Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya ce shi ai ba shi da ɗan amshi ko ɗaya, kuntigi ne kawai mai tsirkiya ɗaya a hannunsa, shi ne makaɗi shi ne mawaƙi, ya cika fili shi kaɗai.

Sai mai fiyano. Yaro ne matashi, kuma shi ma ba baya ba wajen haɗa ayyuka, fiyanonsa irin Yamaha ɗin nan da ake gani a kowane sitidiyo, hannun hagu na danna gefen da ke tafiyar da kiɗan cikin na'urar, na dama na bin muryar mai waƙa, ɗan yatsa na murza wata 'yar taya a gefe da ke lanƙwasa sauti, ga mikisa a kusa da shi yana miƙa hannu yana rage wannan makirfo yana ƙara wancan. Ya iya, ban hana masa ba. Amma a nan ne babban ƙorafina yake. Na farko ya ƙure ƙarar sipika har fiyanon ya danne kalangun da muka biya kuɗi dominsa, tsofaffi na toshe kunne. Na biyu, kuma wannan ya fi damuna, ya kunna kiɗan ganga na cikin na'urar a kan gangunan gaske. Ita na'ura ba laifinta ba ne, gudun da aka saita mata shi za ta yi ta yi har a kashe ta, ba ta ganin ƙafar kowa. To sai ya zama masu kalangun an ɗaure su, suna so su bi masu rawa na'ura na jan su baya, ina ganin dattijon yana ɗan yamutsa fuska. Wajen rabin awa aka yi a haka. Da na kasa haƙuri na je na ce wa shugaban, Malam dan girman Allah a kashe gangar fiyanon nan a rage ƙara, Baba kalangu ya ce. Bai ji daɗi ba da farko, ya ce matasa sun fi son haka. Na ce matasa ba su suka biya ba. Aka kashe, fiyano ya koma bin waƙa kawai a ƙasa-ƙasa, kuma daga nan ne bikin ya zama biki.

Bayan magariba aka dawo. Gwaggo, yayar Baba, ta haura tamanin, tunda aka fara tana kan kujera a gefe da carbinta ba ta ce uffan ba, ita ma dama cewa ta yi albarka kawai ta zo sa wa. Ana cikin wani kiɗa na iyaye mata sai na ga dattijon ya ɗan juya jikinsa ya fuskance ta, sauran ba su canza komai ba suna riƙe da kiɗan yadda yake, shi kuwa sai kalangunsa ya fita daga cikin sahu ya fara faɗin wani abu daban, gajere, ya maimaita sau uku. Ni ban gane ba wallahi, kiɗa kawai na ji. Gwaggo ta ɗago kai. Ya sake. Sai ta ajiye carbin a cinya ta ce "Kai! Wa ya gaya maka?" Ashe taken mahauta ne da ake yi wa mahaifinsu a kasuwa, ya haɗa da sunansa, ta ce rabon da ta ji shi tun tana budurwa tana kai masa abinci rumfa. Ta miƙe, jikokinta biyu suka riƙe ta, ta yi taku bai fi biyar ba tana hawaye tana dariya, aka rangaɗa guɗa hol ya ɗauka. Baba na bakin ƙofa, dan yawancin maza ba su shiga ba, na ga ya cire hula ya share fuska da ita. Kuma duk wannan abin dattijon bai saki kiɗan matan da ke fili ba, ɗan karɓin na cinyarsa na nan yana ba su taku, ba wadda ta tsaya. Wannan zaman zauren na kwana uku baya, amfaninsa kenan.

Maganar liƙi kuma. Tun farko na gaya musu ba a watsa kuɗi ba a taka su, saboda dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana wulaƙanta naira, kuma tun 2024 kowa ya ga yadda aka dinga gurfanar da mutane kan haka. Suka yarda aka ajiye faranti, wasu kuma suka yi taransifa. Wannan ya tafi daidai. Inda bai tafi daidai ba shi ne sanƙiran, mutumin ya cika naci. In ya kama sunan mutum ba ya saki sai an ba da, har wata baƙuwa daga dangin ango ya tsaya a kanta yana ta zuba kirari ita ko a bayyane take ba ta zo da shiri ba, kunya ta kama ta. Na ja shi gefe na ce Malam baƙi ne fa, a bi su a hankali. Ya rage amma bai daina ba. Na san roƙo sana'arsa ce kuma da shi ake cin abinci, amma an riga an biya ku, bai kamata baƙon mutane ya koma gida da jin an tozarta shi ba.

Da aka tashi suna haɗa kaya na je na ba da cikon kuɗi, na tsaya hira da dattijon. Na ce Baba dan Allah ya ake yi kai ɗaya ya raba hankali gida biyar? Ya yi murmushi ya ce shi bai san yana rabawa ba. Ya ce gado ne, yana ƙarami kuntuku aka rataya masa, shekaru yana bin mahaifinsa ba abin da yake yi sai bugu ɗaya tak da aka ba shi, in ya kauce a harare shi, sai da hannun ya daina neman izininsa sannan aka bar shi ya taɓa kalangu, shi ma aka fara da matsewa kawai ba duka, yana faɗin magana da baki yana matse ta da hammata. "In kana tunanin hannu, ɗana, to ba ka fara ba. Hannu ya san aikinsa, ni mutane nake kallo." Ya rataya min na gwada. Ina matsewa sai dukan ya tsaya, ina duka sai in manta matsewa, kuma kafin minti biyu damtsena ya ɗauki zafi, shi ko ya yi awa uku a tsaye. Na ga gefen haƙarƙarinsa ta wuyan riga, wurin ya yi kanta baƙi ƙirin. Ya nuna min yaron kuntukun ya ce jikansa ne, cikin jikokinsa shi kaɗai ya yarda ya koya, sauran duk fiyano suke so ko waƙar sitidiyo. Wannan maganar ta tsaya min a rai har yanzu.

Masu tambaya ko su ɗauko su, ni dai na ce eh, in har akwai manya a gidanku da za su gane abin da gangar ke faɗa, ko kuma ku kanku kuna so ku gani da idonku. In bikin na 'yan makaranta ne zalla masu son waƙoƙin da ke tashe, ku ɗau DJ kawai kar ku wahalar da bayin Allah. In za ku ɗauke su ku faɗa musu lokaci da awa ɗaya kafin ainihin lokacin, musamman da damina dan su samu su gasa fata. Ku yi magana a kan fiyano tun wajen ciniki, a ce ba gangar na'ura, kuma a sa wa kalangu makirfo nasa. Sanƙira kuma a gindaya masa sharaɗi a gaban shugabansu, dangin ango ba a tsayawa a kansu. Kuma ku bar su su zo gaisuwar nan ta kafin biki, ku haɗa su da wanda ya fi kowa sanin dangi, kar ku ce ba ku da lokaci.

Wani abu da na yi sakaci da shi, mai bidiyonmu amarya da ƙawayenta kawai ya dinga bi, da na karɓi aikin na duba ko minti ɗaya babu na hannun dattijon, ko wurin Gwaggo ma daga baya ya ɗauko. Bikin ƙanena na nan bayan babbar Sallah in Allah ya kai mu, na riga na gaya wa Kawu ya sake kama min su, kuma wannan karon zan sa mutum ɗaya da waya ya tsaya gefen hagun dattijon daga farko har ƙarshe.